Masu tambayata harkar ɗinki a Istanbul, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa. Sakonni sun yi min yawa a kan maganar nan, kowacce tana cewa tana da zanen abaya ko doguwar riga a waya tana son ta fitar da nata kamfani, wai ya ake yi a Turkiyya. To bari in faɗa muku gaba ɗaya in huta.

Gaskiya nan ba wanda zai yi miki kallo biyu don kin iya zane. Farkon wanda za ki nema shi ne mai fitar da yanka, shi zai ɗauki zanenki ya mayar da shi guntu-guntu a kwali ko a kwamfuta, gaba daban baya daban hannu daban, sannan ya ƙara ya rage ya fitar miki da saiz 38, 40, 42, 44 har sama, kuma kuɗinsa daban ne tun ba a taɓa yadi ba. Daga nan a ɗinka samfur guda ɗaya ki sa wa mutum ki ga inda ya kama da inda ya saki, a gyara. Sai an gama wannan ake shimfiɗa yadi hawa-hawa a kan dogon tebur inji ya bi ya yanke su lokaci ɗaya kamar ana yanka alkaki. A wajen ɗinkin ma mutum ɗaya ba ya haɗa riga, wani zif kawai yake sawa tun safe har yamma, wani guga, wata cire zare da sa leda.

Mu kuwa a gida tela ɗaya ne mai awo, mai yanka, mai ɗinki, mai zuwa siyo man janareta, shi ya sa in salla ta matso sai ki ji "Hajiya gobe in sha Allah" har a sauko daga idi. Kuma in kika ce ya sake miki irin ta jiya sak, wallahi sai kin ga bambanci a wuya ko a hannu.

Kasuwa kuma kowacce da abinta. Osmanbey kayan mata masu ɗan tsada da yadi, Merter da Laleli sari ne zalla, Zeytinburnu kayan fata. A sari ba a ba ki riga ɗaya, jeri ake ɗauka, kala ɗaya duk saiz a ƙulli guda. Masu kago, wato masu aika kaya ƙasashen waje, suna nan birjik wajen Aksaray da Laleli, a kilo suke caji. Modanisa ma, masu sayar da kayan mata a intanet, a 2011 suka fara a garin nan, daga baya suka kai ga aika kaya ƙasashe da yawa.

Amma fa kar a ruɗe ku. Ma'aikatar ɗinki ba za ta kunna miki keke a kan riga biyar ba, sai da yawa, kuɗi kuma a gaba. Tun da lira, kuɗin Turkiyya, ta faɗi a 2021 komai ya tashi, 'yan Laleli da dala suke miki lissafi, ki ɗora kago da kwastan da canjin naira, rigar ta iso Kano da farashin da mai siya za ta ce Allah ya kawo kasuwa ta wuce. Yankansu ma na jikinsu ne, ƙugu a matse, yadin kaka da hunturu kuma ba na zafin Afrilu ba ne. Aikin hannu irin na wuyan babbar riga kuwa ni dai ban ga wanda ya kamo ƙafar 'yan Zariya ba a nan.

Ni da zan fara yau, yadina a Kwari zan ɗauka, in biya a fitar min da yanka a kwali saiz huɗu na jikin matanmu, in samu teloli biyu in raba musu aiki, in rubuta kuɗin yadi, zif, fetur, leda da na mai kai saƙo kafin in sa farashi a Instagram. Masu son lambar 'yan kago kuma ku bari sai bayan Juma'a in na shiga Aksaray.