Bangon da ya yi ciki: ginshiƙan da magina ke tallatawa a Kumasi

Gidajen da ke gangaren da ke sauka zuwa rafin Aboabo sukan samu ɗaki ko shago wanda bangonsa ɗaya ke riƙe da ƙasa ta baya. Bayan ruwan Afrilu zuwa Yuli sai a ga bangon ya yi ciki, tsaga ta ratsa shi a kwance wajen tsakiya. Abin da yawancin magina ke kawowa shi ne a kafa ginshiƙan kankare daga cikin ɗakin, a sake shafe. Aikin yana da amfani, amma yadda ake sayar da shi rabin gyara ne.

Kafin a yi ciniki, a rataya igiya mai nauyi daga saman bangon a auna yadda cikin ya fito. In cikin bai kai inci 2 ba, kuma layin bulo na ƙasa bai zame ba, ginshiƙi zai riƙe. Sai dai ya zama na gaske: a fasa daɓe a haƙa masa gindi, rodi huɗu masu kaurin milimita 12 ko 16, kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a kuma ɗaure kansa da rufin kankare ko bim, wato ƙarfaffen kankaren da ke kwance a sama. Wanda aka ɗora a kan daɓe kawai, bangon zai ture shi su tafi tare. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kada ya wuce mita ɗaya da rabi.

Inda aikin ke gazawa shi ne bayan bangon. Ruwa ne ke turo shi. Ruwan da ya taru tsayin mita 1 yana danna gindin bango da ƙarfin kusan tan ɗaya a kowace murabba'in mita, ga jar ƙasa da ta jiƙe ta ƙara nauyi. Bulon inci 5 ko 6 marar rodi ba a yi shi don wannan ba. Don haka duk lissafin da ba a rubuta haƙa bayan bango ba, da shafa kwalta, da bututun PVC mai huji a gindi, da cikon tsakuwa, da karkatar da ruwan kwano zuwa kwata, ina ganin bai cancanci sidi ɗaya ba. Haƙar ce ke cin kuɗin lebura, shi ya sa ake tsallake ta don farashi ya yi daɗin ji. A haƙa kaɗan-kaɗan, da rani, bayan an tokare bangon daga ciki.

A nemi magini ya rubuta buhunan siminti, yawan rodi da tifar tsakuwa daban da kuɗin hannu, a kwatanta da na rushewa a sake gini.

In cikin ya wuce inci 2, ko gindin ya zame, ko ƙofa ta fara cijewa, a fitar da iyali daga ɗakin, a kira injiniyan gini. Wannan bango sai rushewa.