Injin kwance noti mai batir: wata 4 yana hannuna, ga yadda muka kwashe

Tun ranar da na sayo injin nan abokan sana'a ke tambayata ya yake, su saya ko su bari. Na yi shiru ne don ban so in yi magana cikin fushi, yanzu zuciya ta ɗan sauka, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ni mai faci ne, rumfata na bakin titin Zariya a nan Kano, shekara 11 ina kwance taya da wil sifana da guntun bututu, in noti ya ƙi in hau kai da ƙafa ina tsalle kamar mai ɗibar rogo. Kafaɗata ta dama har yau in hunturu ya shigo sai ta tuna min. Na iska mai kwamfuresa na daɗe ina sonsa amma kun san halin wuta, kuma mai ba na tada janareta don taya ɗaya ba ne yanzu, shi ya sa da na ga na batir a Kofar Ruwa ban yi dogon tunani ba. Kuɗinsa kun san shi, ba sai na faɗa ba, adashina ne dai guda ya tafi. Akwati baƙi, inji mai bakin rabin inci, batir biyu, caja, da soket, wato kan da ake ɗora wa noti, guda huɗu masu sheƙi kamar cokalin amarya: 17, 19, 21, 22. Ku riƙe maganar soket ɗin nan, a kansu rigimar take.

Sati biyun farko wallahi har kunya nake ji yadda nake yabonsa. Corolla ta tsaya, kafin mai ita ya gama amsa waya na zare notuna biyar na ajiye masa taya a ƙasa, ya kalle ni ya ce malam har ka gama? Direbobin haya suka fara ce min mai bindiga, saboda ƙarar da yake yi ta-ta-ta-ta. Yaron da ke taya ni, ɗan Yayata ne, shekararsa 15, shi kam ko mota ba ta zo ba sai ya ɗauka ya dinga danna kunamar yana jin daɗi har sai na daka masa tsawa. Na ce to Alhamdulillahi, wahala ta ƙare.

Ranar wata Laraba wajen la'asar wata Hiace ta haya ta tsaya, tayar baya ta sace, fasinja cike, mata da yara suna ta mita rana na dukansu, direba yana ta oga yi sauri, oga dan Allah Kaduna za mu. Na sa jak, na ɗora soket 21. Notuna biyar suka fita lafiya, na shida ya ce bai san zance ba, tsatsa ta cinye shi kuma da gani wani ya taɓa hawa kansa da bututu. Abin da ya kamata in yi na sani, in ajiye inji in fesa masa mai in ba shi minti biyar, ko in fara karya shi da dogon hannu yadda na saba. Amma ga direba a kaina ga ido a kaina, kuma gaskiya akwai son in nuna injina ba ya jin tsoron noti. Na danne kunama na ƙi saki. Yana duka yana duka, na ji jikin injin ya ɗau zafi a tafin hannuna, yaron ya durƙuso kusa yana riƙe min tayar yana leƙe, sai kawai na ji ƙau! kamar an harba dutse a kwano. Soket ɗin ya dare gida biyu, wani guntu ya tashi. Kafin in gane me ya faru yaro ya dafe fuska yana cewa Kawu idona, Kawu idona, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa.

Ban san lokacin da na yar da injin ba. Wata baiwar Allah cikin fasinjan ta cire mayafinta ta danne masa, direban da ke azalzala ta shi ne ya tare mana mai adaidaita. A hanya ba abin da nake sai salati, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Yaya na makantar mata da ɗa a kan noti ɗaya. Da muka isa asibiti aka wanke wurin, ashe saman gira ya samu, tsakaninsa da ƙwayar idon bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ɗinki uku, da allurar tetanus saboda ƙarfe ne. Ma'aikaciyar da ta ɗinke shi ta tambaye ni ina tabaran kariyarsa, na yi shiru, don ni kaina ban taɓa mallakar irinsa ba. Yaya da ta zo ba ta zage ni ba, da ta zaga ma ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ta kama hannun ɗanta suka tafi. Kwana tara bai zo rumfa ba.

Washegari na kwashi gutsattsarin na tafi gun wani dattijon bakanike da na yi yaranta a garejinsa. Baba ya juya guntun a hannu ya ce wa ya ce ka sa wannan a impak, wato injin nan mai duka? Na ce Baba a cikin akwatin ya zo. Ya girgiza kai ya buɗe durowarsa ya ɗauko nasa, baƙi ƙirin ba sheƙi, bangonsa kauri kusan biyun nawa, an rubuta Cr-Mo a jiki. Nawa kuwa Cr-V aka rubuta. Ya ce mai sheƙin na hannu ne, ƙarfensa tauri gare shi amma ba ya jure duka, shi kuma injin nan ba murɗawa kawai yake ba, akwai guduma a cikinsa da sifirin, tana dukan bakin sau dubbai a minti ɗaya, to ƙarfe mai tauri in ka yi ta bugunsa haka fashewa zai yi kamar tangaran. Baƙin kuwa yana da ɗan laushi, sai dai ya ci ya buɗe a hankali ka gani ka canza. Na ce to Baba laifina ne kenan. Ya ce rabi naka, rabi na wanda ya zuba maka su a akwati ɗaya.

Wannan rabin na biyu shi ne har yau ya tsaya min a wuya. Mutumin da bai sani ba ya buɗe akwati ya ga soket an yi masa gurbi a kusa da inji, me zai ɗauka? Takardar da ke ciki ma ba ta ce komai a kai ba, hoto ne kawai na mutum yana murmushi. Na koma wa wanda ya sayar min da guntayen a leda, ya ce ai shi ba ya ƙera su, yadda aka kawo haka ya sayar, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ce ai ba rariya ka ce min ba ranar, orijina ka ce min. Ya yi dariya ya ce in ƙara kuɗi ya ba ni baƙaƙen. Yana da su fa a shagon tun farko! Na saya, amma a wani shagon, ko sisi ban ƙara masa ba.

Da baƙaƙen soket gaskiya injin ya dawo min a rai. Bari in yi masa adalci, shi kansa injin bai taɓa tsaya min ba, burashles ne, ba ruwanka da canza gawayi, ɗan fitilar da ke gabansa ta cece ni sau da yawa bayan magariba, kuma ƙananan motoci ba ya wasa da su. Na sayi tabarau guda biyu, nawa da na yaro, kuma doka ce yanzu in ina danna kunama ba wanda zai kawo fuska kusa da taya. In noti ya wuce daƙiƙa biyar bai motsa ba na saki, in koma fesa mai da dogon hannu. Kuma ba na canza soket batir na jiki, sai na zare shi, don na taɓa ganin hannun rigar yaron ya kusa naɗewa yana wasa da shi.

To amma ana cikin haka sai ga wata. Wani Alhaji kwastomana mai Corolla ya dawo ransa a ɓace, wai taya ta sace masa bayan Kwanar Dangora da daddare, shi da ɗansa suka hau kan wil sifana noti ya ƙi, har sitod ɗaya, ƙarfen da noti ke hawa kansa, ya karye. Ni na ɗaure masa tayar sati ɗaya kafin nan, da injin. Nan kam ba zan ɗora wa kowa ba, nawa ne. Notin Corolla 103 Nm yake so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, shi kuwa injin in ka bar shi yana duka zai ninka haka ba ka sani ba, ba ya gaya maka ya isa. Na ba Alhaji haƙuri na biya kuɗin sitod ɗin. Yanzu da yatsa nake fara ɗora kowane noti zagaye uku ko huɗu don kar zare ya hau a karkace, in sa inji a lamba ɗaya ya matso da shi kawai, ina tsallakawa wannan sai na gabansa ba bi da bi ba, in sauke mota sannan in ƙarasa da sifanar awo mai yin ƙas in ta kai. Wani kuɗin kenan da ba wanda ya gaya min zan kashe. Af, masu taɓa motar kaya Kanta ku duba kan sitod ɗin tayoyin hagu, in kun ga L to zarensa bahago ne, kuna ganin kwancewa kuke ashe ƙara ɗaurewa kuke. Kodayake wannan injin ma ba sa'an notin Kanta ba ne, kar ku wahalar da shi.

Batir kuwa, nan ne raina ya sake ɓaci. An rubuta 98VF da manyan baƙaƙe, kamar ƙarfin wutarsa volt 98 ne, da 6.0Ah, wato yawan cajin da yake riƙewa. Ni a zatona wani abin kirki ne. Wata biyu da rabi guda ɗaya ya fara mutuwa bayan mota uku, na kai wa wani yaro mai haɗa batiran sola ya buɗe, ƙwayoyi biyar ne kacal a ciki irin 18650 ɗin nan na tsohon batirin laftof. Ya yi min lissafi a ƙasa da tsinke: kowace ƙwaya volt 3.6, in ta cika 4.2, biyar a jere 18 kenan, a cike 21. To ina 98? Kuma ya ce ko ƙwayar da ta fi kowace kyau a irin wannan ba ta wuce wajen 3.5Ah, layi ɗaya ba yadda za a yi ya ba da 6. Ƙarya ce tsagwaronta aka buga a roba. Ya ƙara min da cewa ko manyan kamfanoni masu rubuta 20V da masu rubuta 18V abu ɗaya suke sayarwa, wancan ya auna a cike ne wannan ya auna a tsakiya, amma dai su ba su ce 98 ba.

Shi ma dai bai ƙyale ni ba, ya tambaye ni ina nake ajiye shi. Na ce kan bencin rumfa. A rana? Na ce wani lokaci. Zafin Afrilu na Kano da ke haura 40 ga kwano a sama, kuma ina gama aiki batir na tiriri nake danna shi a caja in NEPA ta kawo don kar ta ɗauke. Ya ce ni na ƙarasa shi. Yanzu sai ya huce nake caji, ba na bari ya mutu murus, da ya rage ɗigo ɗaya na cire, kuma na daina jefa shi cikin akwatin da notuna da wasa (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) suke, don akwai ranar da wani wasa ya faɗa tsakanin haƙoransa na ga tartsatsi da idona. Ƙura ma, kullum da yamma sai yaro ya hure ramukan iskar jikin injin da buroshi ya goge bakin ya ɗan shafa masa giris.

Kunne ma wani abu ne. Ranar da mota ta yi yawa in na kwanta sai in ji wani zuuu a kunnen dama, na fara cusa ɗan toshin roba, abokan sana'a na ta min dariya wai na zama bature. Su yi ta yi.

In an ce in ba shi tauraro, injin shi kaɗai huɗu zan ba shi ba ƙyashi. Da akwatinsa da soket ɗinsa da batirinsa da bakin mai shagon kuwa, biyu ma na yi kara. Ƙanena kafinta ya ce zai sayi ƙaramin na ɗaure sukurun rufi, mai bakin kwata inci, na ce ya tafi da ni ranar, kuma ya ware kuɗin tabarau tun daga gida. Jiya na sake kwance wata Hiace, notuna shida cikin abin da bai kai minti ba, na ji daɗi har na fara cewa kai injin nan dai ba laifi, sai na ɗago na ga yaron tsaye can nesa da tabaransa, gashin girar bai fito ba a inda aka ɗinke. Mai shago ya ce in dawo ƙarshen wata wai kaya na hanya zai canza min batirin, wannan ne ƙarshen wata na biyu.