Kallon tsuntsaye a kan kayak a bakin kogin Danube: sharhi kan wata hidimar yawon buɗe ido

Kogin Danube yana tasowa daga Jamus, ya ratsa ƙasashe 10 a tafiyar kusan kilomita 2,850, kafin ya rabu gida uku a gabashin Romaniya ya zuba a Bahar Aswad. Fadamar da ke tsakanin waɗannan rassa, wato Chilia da Sulina da Sfantu Gheorghe, tana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 1991, kuma an ƙidaya tsuntsaye sama da iri 300 a cikinta. A can ne na bi wani ƙaramin kamfani mai kai baƙi kallon tsuntsaye a kan kayak, siririn kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, a farkon watan Mayu, lokacin da tsuntsayen da suka yi hijira zuwa Afirka suke komowa domin yin sheƙa.

Daga Tulcea, birnin da ke mashigar fadamar, ake shiga jirgin ruwa zuwa ƙauyen Mila 23, wanda babu hanyar mota zuwa gare shi. Ƙauyen masunta ne, kuma nan aka haifi Ivan Patzaichin, gwanin tseren kwalekwale da ya ci zinare 4 a gasar Olympics, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe yana kiran a riƙa yawon fadamar da filafili maimakon inji. Bayan na ga bambancin da idona, ina ganin gaskiyarsa. Jiragen inji masu gudu suna kai mutum nesa cikin ɗan lokaci, amma ƙararsu tana tayar da duk abin da ke gaba, sai baƙo ya dawo da hoton bayan tsuntsaye suna gudu. Kayak kuwa yana shiga ƙananan mashigai da inji ba ya iya bi, yana tafiya ba tare da motsa ruwa sosai ba, har mutum ya tsaya kusa da zalɓe yana farauta, ko ya ga garken kwasakwasa sun jeru suna koro kifi zuwa wuri marar zurfi.

Abin da ya fi cancantar kuɗin da aka biya shi ne jagoran. Ya san kukan tsuntsu kafin a gan shi, yana fitar da mu tun da asuba kafin iska ta taso, kuma bai yarda ko sau ɗaya mu matsa kusa da sheƙa ba, duk da roƙon da wasu masu ɗaukar hoto suka yi masa. Ya bayyana cewa idan uwa ta tashi daga kan ƙwai saboda tsoro, hankaki yana iya kwashe su kafin ta dawo. Haka kuma ya faɗa tun farko cewa ba za mu je Rosca-Buhaiova ba, inda kwasakwasa suke da mazauninsu mafi girma a Turai, domin doka ta hana baƙi shiga wurin. Wannan gaskiyar ta ƙara masa daraja a idona, domin akwai masu tallar da ke barin baƙo da zaton za a kai shi.

Ga wanda ya san fadamar Hadejiya da Nguru, wurin ba zai zama baƙo gaba ɗaya ba. Akwai bado shimfiɗe a kan tafkuna, da dogayen ciyayin ruwa da ke toshe hanya, kuma wasu nau'o'in zalɓe da agwagin daji da ake gani a nan su ne irin waɗanda ke cin sanyin hunturu a fadamun Sahel da tafkin Chadi.

Inda hidimar ta gaza shi ne wajen bayani kafin tafiya. Ba a sanar da mu cewa kuɗin takardar izinin shiga, wadda hukumar kula da fadamar ke bayarwa, ba ya cikin farashin ba. Madubin hangen nesa da suke bayarwa aro tsofaffi ne, don haka ya kamata mutum ya zo da nasa, tare da jakar da ruwa ba ya shiga. An kuma rubuta cewa tafiyar ta dace da wanda bai taɓa tuƙi ba, alhali ƙetare buɗaɗɗen tafki da rana, lokacin da iska ke turo kayak baya, yana buƙatar ƙarfin kafaɗa. Rigunan kariya dai sababbi ne, kuma an tilasta wa kowa sa su.

Masaukin gidan masunta ne mai tsabta, abinci kuma kusan kullum kifi ne, musamman miyar kifi mai tsami da aka san yankin da ita, abin da ke sauƙaƙa wa Musulmi, ko da yake yana da kyau a tambayi irin man da aka yi girki da shi. Ina ba da shawarar wannan hidima ga mai son tsuntsaye da gaske kuma mai haƙurin jira, kuma ya zaɓi ƙarshen Afrilu ko Mayu, kafin sauro ya yi yawa a watan Yuni.