Asibitin da ya gyara wa ƙanina karan hanci a Garwa

Jama'a ƙanina ne ya faɗo daga kan moto wajen Yelwa, hancin ya karkace gefe ɗaya ga haɓo sai zuba yake har gaban rigarsa ta jiƙe sharkaf. Muka ruga wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Gaskiya masu karɓar kuɗinsu sun ɓata min rai, yaro na zubar da jini amma wai sai na biya kuɗin kati tukun, haba!

Amma likitan hancin kam Allah ya saka masa da alheri. Ya ce wa yaron "sunkuyo gaba ɗana, kar ka ɗaga kai sama", ya haska cikin hancin da tocila don ya ga ko jini ya taru a bangon tsakiya, ya ce in ya taru dole a tsiyaye shi da wuri in ba haka ba guringuntsin zai lalace hanci ya lotsa. Alhamdulillahi babu. Ya ce mu riƙa sa ƙanƙara, banda fyace majina, mu dawo in kumburi ya saɓe amma kar mu wuce sati 2 don ƙashin zai kama a karkace. Muka koma ya miƙe masa shi, yanzu yana numfashi ta kafa biyu lafiya lau. In za ku je ku yi sammako, layi akwai tsawo.