Na maye halojin da LED a kicin, na sha wuya kafin su tsaya

A jikin kwalin an rubuta cewa ƙwan nan yana maye gurbin halojin (tsohon samfurin ƙwan fitila mai zafi) kai tsaye, ka cire tsoho ka cusa sabo, shi ke nan. Wannan rubutun ne ya fi ɓata min rai a duk cinikin.

Fitilun ƙarƙashin kabad ɗin kicin ɗina biyar ne, masu ƙwan G4 ɗin nan mai ƙafa biyu, bolt 12, kowanne wat 20. Haskensu ba laifi, amma zafi! Katakon ƙasan kabad har ya fara sauya launi, in kuwa ka taɓa gilashin sai ka yarfe hannu. Shi ya sa na sayi LED masu wat 2.

Ina sakawa na kunna. Su kawo, su ɗauke, su sake kawowa, kamar yaro yana wasa da makunni. Ga kuma wani zuuu yana tashi daga saman kabad. Da na mayar da halojin guda ɗaya cikin layin, sai sauran huɗun suka tsaya cak, haske tar. Ina cire shi, ƙyafce-ƙyafcen ya dawo.

Mai gyaran wutar da na kira ya hau kujera, ya zaro wani ɗan akwati mai ƙura daga saman kabad, ya nuna min rubutun jikinsa: wat 20 zuwa 105. Ya ce, “Hajiya, taransifomar nan ba ta ma san kin kunna komai ba.” Ashe irin wannan taransifomar ta halojin sai an ɗora mata nauyin da ya kai wat 20 kafin ta yi aiki daidai. Da tana ɗauke da wat 100, yanzu biyar ɗin gaba ɗaya wat 10 suke ja. Shi ya sa ƙwan halojin guda ya daidaita ta, domin ya cike mata nauyin. To ina amfanin barin halojin ɗaya yana ƙona kabad? Muka sa direban LED, wato ɗan akwatin da ke ba ƙwayayen LED wuta, mai ba da bolt 12 DC (wutar da ke bin hanya ɗaya) a madadinta. Ƙwai ɗaya ya ƙi kamawa bayan haka, sai da aka zare shi aka juya ƙafafunsa, don wasu ƙwayayen a kan DC suna da gefen da suke so.

Makunnin rage haske shi ma ya tafi. Tsohon na halojin ne, ƙwayayen kuma ba a rage musu haske, abin da aka rubuta a gindin kwali da rubutun da sai ka matse ido. Aka sa makunni na gama-gari.

Gaskiya tun da aka gyara, suna aikinsu. Ba ƙara, ba ƙyaftawa. Ko sun wuni a kunne, in na ɗora hannu ɗumi kawai nake ji, kuma kashi ɗaya cikin goma na wutar da halojin ke ci suke ja. Har na yi niyyar ba su makin tauraro huɗu.

Sai dai duk lokacin da na shiga kicin da dare, haushin yakan dawo sabo. Hoton tallan haske mai ɗan ja-ja ya nuna, irin na halojin, wanda yake wajen 3000K a ma'aunin launin haske. Abin da aka aiko min 6000K ne, fari fat har da shuɗi-shuɗi, komai na kan teburin girki ya koma kamar bai da lafiya. Kuma ƙwan ya fi na halojin tsawo, gilashin rufin biyu daga cikin fitilun ya ƙi rufuwa, suna nan a buɗe tururi yana shiga. Na yi wa mai sayarwar magana, ya amsa min da cewa kayansu lafiya lau suke, in duba wayoyin gidana. Wayoyin da mai gyara ya gama dubawa a gabana!

Kuɗin direba da na makunni da ladan mai gyara sun fi kuɗin ƙwayayen nesa ba kusa ba. Tauraro biyu na ba su, ɗayan ma don sanyinsu ne.