Araba ko doguwar bas?

Wanda ya zauna Nyanya a gefen Abuja kafin 2013 ya san korayen ƙananan bas ɗin nan da ake ce ma araba, kana tsaye bakin titi kwandasta na rataye a ƙofa yana ihun Wuse, Berger, Area 1, ka faɗa ciki a matse ku kamar kifin gwangwani amma dai ka isa da wuri. Sai gwamnati ta hana su shiga tsakiyar Abuja lokacin Bala Mohammed na minista, aka ce a koma dogayen bas da ake ce ma El-Rufai. Su kam akwai sauƙin kuɗi, gaskiya, sai dai jira, sai ta cika maƙil har da 'yan tsaye kafin direba ya tada. Ni wallahi in ina sauri araba ta fi min.