Kwas ɗin fentin mai da alkyabbar Sarki Luwi

Wata uku kenan da na biya kuɗin wani kwas na intanet na koyon zane da fentin mai, tun daga darasin farko har na ƙarshe hoto ɗaya ake kwaikwaya, na Sarkin Faransa Luwi na 14 wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Asalin hoton ya kusa mita uku a tsaye, ni dai ɗan ƙaramin kambas, wato ƙyallen da ake zane a kai, na samu na lallaɓa.

Gaskiya malamin ya iya koyarwa. Bai bari mun taɓa kala ba sai da muka fitar da sarkin gaba ɗaya da ruwan ƙasa da toka-toka, haske da inuwa kawai, da farko har haushi na ji, ashe nan aikin yake. Shafen farko a tsinka shi da tafentain, wani ruwan tsinka fenti, duk wanda ya biyo baya a ƙara masa man linsid kaɗan, wato man da ake haɗa fentin da shi, in ka juya tsarin fentin zai tsattsage bayan ya bushe. Sai alkyabbar, kai jama'a! Shuɗin nan mai furannin zinare sau huɗu na bi shi da shafe siriri kamar ruwa, kowanne sai na jira kwana biyu ko uku, ranar da na yi gajen haƙuri na ɗora kan ɗanye komai ya dame ya koma kalar taɓo. Ga ƙurar hunturu tana manne wa fentin, dole na riƙa jingina shi fuskarsa na kallon bango.

Fuskar ce ta fi ba ni wuya, duk da an ce shi ma Rigaud a wani ƙyalle daban ya zana kan sannan aka ɗinke shi a jikin babban. Nawa sarkin da gashin kantinsa ƙanwata ta ce ya yi kama da wata gwaggonmu.

Inda kwas ɗin ya gaza, wajen farin gashin cikin alkyabbar sai aka ƙara wa bidiyon gudu, wurin da aka fi buƙatar a ga hannun malam kuma, na tura tambaya har yau shiru. Data ma yana ci ba kaɗan ba. In ka taɓa riƙe fensir ka iya fitar da sura zai yi maka amfani, sabon shiga kam zai sha wuya. Ni saura takalmin nan mai jan dunduniya, ina jiran ƙafar ta bushe.